Shin Fita Shaƙatawa Gafala Ce? Tunatarwa Ga 'Yan'uwa Masu Shiga Damagaram Bayan Kaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Shehu Ahmadu Tijjani da halifofinsa da duk waliyyan Allah.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, abin da ya jawo wannan rubutu wata 'yar muhawara ce da aka yi a zawiyyarmu a nan Yauri, ƙasar Matamai, bayan an shafa wazifa. Lokacin an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, an sayar da ɗan wake da gyaɗa, kowa ya ɗan ji nauyi a aljihunsa. Wasu samari daga cikin muridai suka nemi izinin shiga Damagaram kwana biyu, su ga gari, su zaga kasuwa, su leƙa filin kokowa. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya ɗaga kai ya ce: "Ɗana, kai da ka karɓi wuridi me ya haɗa ka da yawon kallo? Numfashin da ka fitar ba ya dawowa." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, wata huɗu muna duƙe a gona. Ashe idan mun miƙe mun sha iska mun saɓa wa Allah?"

Aka tashi ba a yanke magana ba. Ni kuma na kwana da ita a raina, domin na ga kowannensu yana riƙe da gaskiya a hannu ɗaya. Dattijo ya faɗi abin da duk ma'abota tasawwufi suka haɗu a kai, cewa lokaci shi ne jarin muridi. Yaro ya faɗi abin da jikin ɗan Adam yake shaida da shi. To ina ne mahaɗar maganganun biyu?

Abin da magabata suka yi da gajiya

Mu fara da gidan Annabi (SAW), domin can ne ma'auni. Imamu Muslim ya ruwaito labarin Hanzala (RA), ɗaya daga cikin marubutan Manzon Allah. Ya gamu da Sayyidina Abubakar yana cikin damuwa, yana tuhumar kansa da munafunci, saboda idan suna gaban Annabi ana ambaton Aljanna da wuta kamar suna ganinsu da ido, amma da sun koma cikin mata da 'ya'ya da harkar neman abinci sai su manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana samun haka. Suka je wurin Annabi (SAW). Ya sanar da su cewa da za su dawwama a kan halin da suke samu a gabansa da mala'iku sun riƙa gaisawa da su hannu da hannu a kan shimfiɗunsu da hanyoyinsu, sai dai kowane hali yana da lokacinsa. Duba, ɗan'uwa, bai kira komawarsu cikin iyali munafunci ba.

Bukhari kuma ya kawo labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i (RA). Salmanu ya tarar da ɗan'uwansa ya rungumi azumi da tsayuwar dare har matarsa ta daina kula da kanta. Ya matsa masa ya ci abinci, ya hana shi tashi farkon dare, ya tuna masa cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa suna da haƙƙi. Da maganar ta kai ga Annabi (SAW) sai ya gaskata Salmanu.

A sira mun ga Annabi yana shiga Bairuha, gonar dabinon Abu Ɗalha da ke fuskantar masallaci, yana shan ruwanta mai daɗi. Mun ga ya zauna a bakin rijiyar Arisu ya zura ƙafafunsa ciki, Abu Musal Ash'ari yana tsaron ƙofa, kuma a wannan zama ne aka yi wa Abubakar da Umaru da Usmanu bushara da Aljanna. Ya yi tsere da Nana A'isha. Ya tsaya ya kāre ta tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci, bai gusa ba sai da ita da kanta ta ƙoshi. Duk wanda ya ce sakin jiki da halal yana rage daraja, sai ya gaya mana darajar wa ta kai ta wanda ya yi waɗannan.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana hikimar a cikin Ihya'u. Ma'anar bayaninsa ita ce zuciya tana ƙosawa idan aka tilasta mata abu ɗaya ba yankewa, kuma ɗan hutun da aka ba ta da abin da ya halatta yana dawo mata da ƙarfin ibada. Mu mutanen karkara ba ma buƙatar dogon sharhi a nan. Wanda ya taɓa ɗaura wa sa amalanke ya san cewa idan bai kwance shi ya sha ruwa ya kwanta a inuwa ba, gobe kaya za su kwana a hanya.

Amma ba kowace fita ce hutu ba

Idan muka tsaya a nan mun zalunci dattijo. Malaman fiƙihunmu na Malikiyya ba su ɗauki tafiye-tafiye a matsayi ɗaya ba. A Muhtasar na Shehu Halilu, sunnar ƙasaru tana ga mai tafiyar baridi huɗu, wato mil 48, amma an fitar da mutum biyu daga cikinta: wanda tafiyarsa ta saɓo ce, da wanda tafiyarsa ta wargi ce tsantsa, irin mai fita farauta don nishaɗi kawai ba don buƙata ba. Hanya ɗaya ce, nisa ɗaya ne, amma hukunci ya bambanta saboda abin da ya fitar da mutum daga gida.

Wannan ya nuna mana cewa tambayar ba a kan gari take ba. Mutum biyu za su hau mota ɗaya a tashar Matamai, su bi ta Kance, su faɗa babbar hanya a Takeita, su sauka tare a Damagaram. Ɗaya zai dawo zuciyarsa ta yi sauƙi, yana ɗokin sahun wazifa. Ɗaya zai dawo yana jin ƙauyensa ya yi masa ƙunci, matarsa ta yi masa muni, carbinsa ya yi masa nauyi. Na farko ya huta. Na biyu an yi masa sata bai sani ba. Saboda haka ma'aunin da na fi natsuwa da shi shi ne mutum ya duba halin da ya dawo da shi: in fitarka ta mayar da kai ga wuridinka da iyalinka da gonarka da sabon ƙarfi, hutu ce, in ta sa ka ƙyamace su, to lahawu ce ko da ba ka taɓa haram da hannunka ba.

Abin da ido zai gani a Damagaram

Gari ne da ya cancanci a je a gani, kada mu ɓoye wannan. Tun kafin ka shiga, mota za ta ratsa da kai ta Tirmini. A nan ne a shekarar 1899 dakarun Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga suka kara da sojan Faransa, shekara guda bayan an kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram. Yau fasinja yana wucewa yana cinikin ƙwai da gyaɗa ta taga, bai san ƙasar da yake takawa ta sha jinin mazaje ba.

Idan ka shiga unguwar Birni za ka ga lunguna ƙanana da gidajen ƙasa masu zāne a fuska, aikin maginan da suka san abin da suke yi. Za ka ga fadar Sarkin Damagaram da dogarai a ƙofa cikin jajayen kaya. Za ka ga ragowar ganuwar da aka gina a zamanin Sarki Tanimun ɗan Sulaimanu, wanda ya yi mulki har zuwa 1884, wanda a zamaninsa ayarin raƙuma ke zuwa daga Tarabulus su sauka a Zango, har maƙera suna ƙera masa igwa a cikin garin. Ga manyan duwatsun nan da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu, suna nan tun kafin a san sunan garin. A kan tudu kuma ga barikin da Turawa suka gina, su da suka mayar da Damagaram babban birnin ƙasar daga 1911, sa'an nan suka ɗauke hedkwata zuwa Yamai a 1926.

Ka tsaya a tsakanin ganuwa da bariki ka yi tunani. Wanda ya gina ganuwa ya gina ta don kada baƙo ya shigo, baƙo ya shigo. Baƙon ya gina barikinsa a sama don kada a fitar da shi, ya fita a 1960. Dutsen da suka jingina da shi su duka yana nan, shi ma yana jiran ranarsa. Alƙur'ani ya yi ta kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su dubi ƙarshen waɗanda suka gabace su. Sufaye na farko suna kiran irin wannan tafiya siyaha, kuma sun ɗauke ta hanyar tarbiyya. Muridin da ya zaga Birni da wannan ido ya yi darasin zuhudu da ba zai same shi yana kwance a bukkarsa ba.

Daga nan ga Kasuwar Dole, ga dukawa masu aikin fata da garin ya yi suna da su, ga ranar Alhamis da kasuwa ke cika da mutanen karkara da dabbobi. Mai son inuwa da kore sai ya ƙarasa Mirriya, ba nisa daga birni, ya ga lambuna da manyan kukoki da mata masu ginin tukwane. In lokacin Salla ne, ga hawan sarki, ga mahauta da hawan ƙaho. In kuma zagayen kokowar takobin ƙasa ya zo kan Damagaram, filin Langa-Langa ba ya ɗaukar jama'a, jihohi takwas kowacce ta kawo 'yan kokowarta.

Gyara biyu

A nan akwai kuskure biyu da nake tsoro, kuma duka biyun a cikinmu suke.

Na farko shi ne mutum ya ɗauka dole sai ya mayar da kowace fita wa'azi kafin ta halatta. Ka ɗauki yaranka ka saya musu kilishi da rake, suna dariya suna nuna raƙumi, kai kuma ka ɗaure fuska kana karanta musu mutuwa a kowane lungu. Wannan takura ce, kuma tana sa yaro ya haɗa addini da ɓacin rai. Lokacin da Nana A'isha take kallon Habashawa, ba a ruwaito cewa an tsayar da wasan an yi mata huɗuba ba. An bar ta ta ji daɗi. Faranta wa iyali da halal ibada ce da kanta, ba ta buƙatar a yi mata ado. I'itibari in ya zo, kyauta ce daga Allah. In bai zo ba, dariyar ɗanka ta ishe ka riba.

Na biyu ya fi haɗari, domin yana sanye da rigar ma'arifa. Za ka ji ɗan'uwa yana cewa shi duk inda ya shiga Allah yake gani, saboda haka babu wurin da zai cutar da shi: gidan rawa da masallaci ɗaya ne a wurinsa. Ya ɗan'uwa, ka ji tsoron Allah. Shehu Tijjani (RTA) ya umarci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin shari'a, su bar abin da ya saɓa. Shehu Ibrahim Inyass (RTA), da duk abin da Allah Ya buɗa masa, ya zaga ƙasashe da yawa na duniya, kuma ba a san shi da sakaci da salla ko wuridi ba. Wanda ya san Allah da gaske ya fi kowa jin kunyar Allah Ya gan shi inda Ya hana. Kuma mafi yawanmu masu farawa ne. Ɗanyen kasko ba ya kai ruwa bayan ɗaki. Zuciyar da ba ta gama gasuwa ba, in aka kai ta inda ake caca da shaye-shaye da cuɗanyar banza, narkewa za ta yi, ko me bakin mai ita yake faɗa.

Kokowa ta shiga nan. Asalinta ba laifi, an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi kokowa da Rukana ya kayar da shi. Abin dubawa shi ne abin da ke kewaye da ita: kiran salla ya wuce mutane suna zaune don kada a ƙwace musu wuri, ana sa kuɗi a kan wanda zai yi kaye, ana zagin mutanen wata jiha. Wanda zai iya kallo ya tashi lokacin salla, ya tsare harshensa da aljihunsa, ba ni da hujjar hana shi. Wanda ya san kansa, ya san ganga tana ɗauke masa hankali, to rediyo ya ishe shi.

Haƙƙoƙin da ke bin mai fita

Ni kaina na taɓa faɗawa. Wata shekara na shiga birni da niyyar kwana ɗaya, na zauna a wata fada ta samari ana dafa shayi ana hira. Ba a yi zancen banza ba, amma daga kofin farko zuwa na uku la'asar ta yi nisa, magariba ta zo, aka ja ni cin abinci, aka koma hira. Sai da na kwanta na tuna ban yi lazimin marece ba. Na tashi na yi shi ido na rufewa, harshe na tafiya zuciya ba ta nan. Ba wanda ya cuce ni a daren nan, ni ne ban shirya ba. Tun daga ranar na gane cewa a gida al'ada ce take riƙe da mu: ladan da muka sani, tabarmar da muka saba, 'yan'uwan da za su tambaya in ba su gan mu ba. A birni duk wannan babu, sai abin da ke cikin zuciyarka kawai. Ta wannan fuska fita jarrabawa ce mai amfani, tana nuna maka ko wuridinka naka ne ko na unguwarku.

Saboda haka haƙƙin farko na lokaci ne. Kafin ka hau mota ka san inda za ka yi kowace salla. Ka yi lazimin safe kafin ka bar masauki. Ka tambayi zawiyyar da ke kusa, Damagaram ba ta rasa su ba, ka yi wazifa cikin jama'a, in Juma'a ta riske ka ka zauna zikiri da 'yan'uwan can bayan la'asar. Ka tuna Jauharatul Kamali tana buƙatar alwalar ruwa da wuri mai tsarki; in hali bai ba da haka ba, Salatul Fatihi ashirin tana tsayawa a madadinta. Ɗariƙa ta yi wa matafiyi sauƙi, ba ta ba shi uzurin bari ba.

Na biyu haƙƙin dukiya. Kuɗin kaka yana da ruɗi, domin yana zuwa gaba ɗaya, alhali shi ne zai kai gida har wata damina. Wanda ya fasa rumbu don yawon kwana biyu, zai tuna da kilishin nan a watan da hatsi ya yi tsada yara suna kallon tukunya. Ka fitar da zakkar amfanin gona, ka biya bashin da ke kanka, ka ware abincin shekara. Abin da ya saura, ka yanke wa fitarka wani abu sananne tun daga gida, kada ka wuce shi.

Na uku haƙƙin iyali, kuma a nan ne muka fi gazawa. Mace ta yi shuka tare da kai, ta kai maka abinci gona, ta yi sussuka da casa, ga daka ga ɗiban ruwa. Da aka gama sai kai kaɗai ka gaji? Da yawa daga cikin matanmu ba su taɓa shiga birni ba sai ranar da ciwo ya kai su asibiti. In hali ya ba ka, ka tafi da ita da yara ko da shekara-shekara ne, ta ga dangi ta ga gari cikin mutunci. In bai ba ka ba, ka nemi yardarta, ka bar mata abin da zai ishe ta, ka dawo da tsaraba. Ba lallai sai birni ba ma: yammaci ɗaya a lambun rake na fadamun ƙasarmu, kai da iyalinka a inuwa, ya fi wa wasu gidaje amfani da tafiyar da maigida zai yi shi kaɗai.

Na huɗu haƙƙin mutanen gari. Inda kake yawon kallo, gidan wasu ne. Damagaram gari ne da ya daɗe yana fama da ƙarancin ruwa. In ka sauka gidan ɗan'uwa, ka san jarkar da kake wanka da ita wataƙila da kuɗi aka saye ta, kada ka yi ɓarna, kada ka daɗe har ka zama nauyi. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton tsoho ko miskini ko matan mutane ba da izininsu ba. Almajirin da ya tsaya a kanka kana cin nama, ɗan wani ƙauye ne irin naka. Ka sa shi cikin lissafin kuɗin shaƙatawarka tun farko.

Amsar da muka koma da ita

Washegari bayan wazifa na koma wurin dattijon nan na ce: "Baba, maganarka gaskiya ce, numfashi ba ya dawowa. Amma numfashin da aka huta da shi don a ƙara ƙarfin bauta, ina fata ba a yi asararsa ba." Ya yi shiru, sa'an nan ya kira yaran ya ce su tafi, da sharaɗi su sauka wurin 'yan'uwa, kada wazifa ta wuce su ko sau ɗaya, kuma in sun dawo kowa ya zo ya gaya masa abu ɗaya da ya gani wanda ya tuna masa da Allah, da abu ɗaya da ya ba shi dariya. Na ga hikima a wannan sharaɗi na ƙarshe, domin ya nemi duka biyun, bai ce ɗaya ya kore ɗaya ba.

Ɗan'uwa, kafin ka fita ka tambayi kanka me ya fitar da kai, me ka bari a gida, kuma wane lokaci ne na Allah a cikin yinin nan da ba za ka taɓa shi ba. In ka dawo ka zauna a sahu ka duba zuciyarka. Ita za ta gaya maka ko hutu ka yi ko gafala, kuma in ka saurare ta da gaskiya, ita za ta gaya maka ko ka sake komawa.

Allah Ya sanya albarka a lokutanmu, Ya tsare mana idanunmu da zukatanmu a gida da tafiya, Ya ba mu damina mai albarka da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya tabbatar da mu a kan sunnar Annabi (SAW) da son waliyyanSa har ƙarshen numfashi. Amin.